Doyar da Na Cire Daga Kayanki

Titiru, Paraku
Ranar Laraba

'Yata Balkisa,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, mota ba ta maƙale muku a taɓon hanyar Onklu ba, kuma waɗanda kika sauka a hannunsu sun karɓe ki da sakin fuska. Allah Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya tsare miki lafiyarki da mutuncinki.

Za ki tarar da takardar a ƙasan buhun da innarki ta haɗa miki, daidai inda ta sa doya. Doyar ba ta nan. Ni na cire ta, kuma kafin ki kai ƙarshe za ki san dalili. In kin gama karantawa kada ki bar ta a kan tebur. Kin san zamanin da muke ciki.

Tun ranar da na ce ba zan nemi a canza miki wuri ba, kina gaishe ni kina duban ƙasa. Ban ga laifinki ba. Makarantar horon malamai ta raba ku ƙauyuka ku yi hidima har ƙarshen shekara: ku koyar a ƙarƙashin wani, ku riƙe ajin manya, ku taimaka ranar allurar rigakafi, ku shiga gonar lakwal, wato makarantar ƙauyen. Ke sunanki ya faɗa kan ƙauyen nan na bayan rafi, gaba da Onklu, inda na taɓa zama daraktan makaranta. Kika roƙe ni in yi wa kawunki Bukari magana, tunda yana cikin kwamitin jam'iyya na unguwar Gema kuma kalmarsa ɗaya ta isa a bar ki cikin gari. Na ƙi. Shi da kansa ya zo har gida, ya zauna a kujerata ba tare da an ba shi ba, kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Ɗan jarida, wai kai ka fi jam'iyya son juyin juya hali ne? 'Ya'yan manyan kamarad na jam'iyya duk a nan Paraku suke tasu hidimar, kusa da famfo da lantarki. Kai kuma 'yar cikinka za ka tura inda ko direbana ba ya yarda ya kwana."

Na ce, "Direbanka ba malami zai zama ba."

Ya ce, "Ita ma ai ba manomiya za ta zama ba! Bar wasa, Salifu. Ka san wane ƙauye ne. Da sunanka za ta shiga, kuma ka san abin da sunanka yake nufi a can."

A nan ya fi ni gaskiya. Amma ke ce ya kamata in ba amsa, ba shi ba. Abin da zan faɗa miki ba sirri ba ne. Innarki ta sani, rabin mutanen garin Jugu sun sani. Amma ke gutsattsari kika ji, a bakin mutanen da ke rage murya in kin shigo. Gara ki ji shi a jere daga wanda ya yi shi.

Kada ki ɗauka ina yabon tsarin nan ne don hukuma ta ce a yaba. Aikina ke nan kullum, na san yadda ake rubuta irin wannan yabon. Na kuma san rabin dalilin tura ku shi ne babu malamai, babu abin biyan malamai, ku kuma kyauta ne. Duk da haka akwai abu ɗaya a cikinsa da ni ban samu ba, kuma rashinsa ya ci ran mutum. Za ki shiga ƙauye ba ki da iko a kan kowa. Ni ranar da na fara shiga ƙauye, da iko na shiga.

An horar da ni a kudu, a cikin ɗakuna masu kyau. An koya mana yadda ake tsara darasi, yadda ake riƙe alli, yadda ake tsayawa a gefen allo don kada a tare wa yara gani. Na fita na yi shekaru ina koyarwa a nan Paraku da kuma Jugu, 'ya'yan 'yan kasuwa da na ma'aikatan jirgin ƙasa. Ana cewa na iya aiki, ni ma na yarda. Da juyin juya hali ya zo da sabon tsarin makaranta, aka ce kowace lakwal ta yi gona ta ciyar da kanta, sai aka ɗaga ni darakta aka tura ni can. Lokacin ba ki daɗe da fara zuwa lakwal ba, na bar ku a Jugu wurin kakarki. Ina da gemu, ina da takardu, ban taɓa kwana a gidan manomi ba ko sau ɗaya.

Kuskurena na farko shi ne masauki. An ba ni ɗaki a cikin gari, a gidan wani dattijo, na ce a'a, zan zauna a ɗakin da ke jikin aji don in sa ido kan kayan hukuma. Lakwal tana bayan gari. Da yamma yara su watse, in zauna da littattafaina da rediyo. Ban zagaya gaisuwa ba. Ban koyi yarensu na Yom ba, ina magana da Faransanci, in ta matse in yi Dendi, yaren kasuwar Jugu, in ba a gane ba in ɗaga murya. Abin kunyar shi ne kakanninmu fataken goro ne. Sun ratsa ƙasashen mutane shekara da shekaru, kuma ba sa sauke kaya a gari sai sun aika gaisuwa wurin masu garin, sun tambayi abin da ake yi da abin da ba a yi. Kakana bai san harafin boko ko ɗaya ba, amma ya san wannan. Ni makaranta ta sa na ga kamar na wuce tambaya.

Saboda haka duk ɗakin da aka ba ki a cikin gari ki karɓa, ko da yana yoyo. Ki ɗauki tulu ki bi mata rafi. Za su yi miki dariya, su kwaikwayi tafiyarki, su sa ki maimaita kalma har sai kin ji haushi. Ki bari. Wanda ya yi miki dariya yau shi zai iya jan hannunki gobe ya ce kada ki taka nan. Kuma akwai sunan da mu mutanen Jugu muke kiransu da shi a kasuwa. Ba sa so. Kada ya fito daga bakinki.

Kuskure na biyu ya fito daga na farko. Da damina ta kama, yara suka riƙa zuwa a makare. Na yanki tsumagiya na tsaya a bakin ƙofa. Akwai wata yarinya, Asibi, wadda ta fi kowa kai a ajin. In na rubuta lissafi a allo kafin in juyo ta gama. Ita ce kuma ta fi kowa makara, don haka ita ta fi shan duka. Sai bayan watanni na san cewa tun asuba ake tura su gona su kori birai da tsuntsaye, ba sa tashi sai wani babba ya zo ya karɓe su. Da na tambaya sau ɗaya, da na matsar da darasin farko zuwa hantsi, shi ke nan. Babu littafin da ya hana ni. Babu kuma littafin da ya gaya mini.

Wannan shi ne abin da hidimar nan za ta ba ki wanda ajin horo ba zai iya ba. A can ana koya miki yaro kamar daga sama ya faɗo kan benci. A ƙauye za ki ga inda ya taso, abin da ya ci ko bai ci ba, nisan da ya tako, wanda ya bari a kwance a gida. Ranar rigakafi ki riƙe wa ma'aikaciyar lafiya jarirai, ki dubi iyayen. A ajin manya ki lura da hannun da ya saba da fartanya yadda yake rawa in ya riƙe alli, ki tuna cewa ɗansa ne gobe zai zauna gabanki. In kun koma makaranta malamanku za su tambaye ku abin da kuka gani. Kada ki ba su amsar da suke so. Ki gaya musu inda darasinsu ya yi aiki da inda ya faɗi.

Yanzu ga babban.

Mun yi gonar lakwal, doya muka shuka, kuma ta yi kyau don yaran sun fi ni sanin aikin. Cikin damina takarda ta zo cewa wakilin jam'iyya da sufeton makarantu za su zo daga Jugu su ga abin da sabon tsari ya haifar. Na zauna na yi tunani irin na mutumin gari. Ganyen doya ba ya burge baƙo. Abin da zai burge shi shi ne sakwara a akushi, daga gonar yara, da hannun yara. Na ce a haƙa.

Yara suka tsaya a bakin gona da fartanyu, babu wanda ya sunkuya. Asibi ce ta yi magana, don ita ce mai Faransancin da ya isa.

Ta ce, "Metir," don haka suke kiran malami, "ba a ci ba tukuna."

Na ce, "Wa bai ci ba?"

Ta ce, "Kowa. Sai mai ƙasa ya ci, ya ba kakanni na ƙarƙashin ƙasa nasu, sannan gari ya ci."

Mai ƙasa shi ne tsohon da ke riƙe da al'adar garin, ba sarki ba ne, ba ya da dogari ko ɗaya. A wurinsu sabuwar doya ba ta shiga bakin kowa sai ya yi bikinta. Kafin nan ko an ga ta fasa ƙasa, wucewa ake yi. Na taɓa jin wannan sama-sama a Jugu, kamar yadda ake jin labarin wata ƙasa. Na yi dariya na ce wannan gonar hukuma ce, ba ta mai ƙasa ba.

Washegari tsohon ya zo da kansa, yana dogara sanda, da wani ɗansa mai jin Dendi. Karo na farko ke nan da muka haɗu, kuma shi ya tako. Bai yi faɗa ba. Ya ce saura kaɗan, wata ya tsaya su yi abinsu, daga nan in ci har in gaji. Ya ce in baƙina yunwa suke ji zai aiko da akuya da tsohuwar doya daga rumbunsa. Har ya yi mini ba'a, ya ce, "Metir, ai doyar ba ta da ƙafa. Inda ka bar ta nan za ka same ta."

Na ce wa ɗan ya gaya masa cewa zamanin tsoron duwatsu da itatuwa ya wuce. Ɗan ya fassara, amma na tabbata bai faɗa duka ba.

Na sa aka haƙa da tsumagiya a hannuna. Ranar da baƙi suka zo aka jera yara, suka yi kirarin juyin juya hali, aka kawo sakwara. Wakili ya ji labarin, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce wannan ita ce nasara a kan duhun kai, kuma lallai yaran su ci a gabansa. Suka ci. Wasu suna kuka suna haɗiyewa. Asibi ta ci ba ta yi kuka ba, ta dube ni kawai. Ƙaninta yana gefenta, ƙaramin yaro ne a ajin farko, ita ta riƙa gutsura masa.

Bayan damina ƙyanda ta shigo garin. Ni na san ƙyanda ce, ke ma kin sani. Ba a yi wa yaran rigakafi ba, kuma ta kashe waɗanda suka ci doyar da waɗanda ba su ci ba. Amma cikin waɗanda ta fara ɗauka har da ƙanin Asibi. Na tsaya a dandali ina bayanin yadda cuta ke yaɗuwa, bayani mai kyau, daidai yadda yake a littafi. Babu wanda ya musa mini. Suka saurara har na gama, suka tafi, washegari aji ba kowa. Gaskiyata ba ta amfani kowa ba, don na riga na zubar da abin da zai sa a ji ta. Da ina cikinsu tun farko, da wataƙila ni za su kira lokacin da yaron farko ya fara zazzaɓi, mu nemi mota zuwa asibiti.

Ki riƙe wannan. Ba a ce ki yi imani da abin da suka yi imani da shi ba. Ke Musulma ce, ki yi sallarki, kada ki ci abin da aka yanka wa wanin Allah, za su fahimta don sun daɗe da zama da mu. Abin da aka nema a wurina jira ne kawai. Jira bai taɓa addinina ba, bai taɓa lissafin da nake koyarwa ba. Girman kaina kaɗai ya taɓa.

Da sufeto ya ji aji ya watse, ya aiko a ba shi dalili a rubuce. A nan na yi kuskuren ƙarshe, wanda ya fi duka. Ina iya rubuta cewa cuta ta shigo kuma ni na yi gaggawa. Sai na rubuta abin da na san ana so a lokacin, wato ragowar masu tsohon tunani suna yi wa makarantar jama'a zagon ƙasa, kuma na ambaci mai ƙasa. Na zaɓi kalmomina da kyau. Ban ce a kama shi ba, na dai san abin da ake yi wa wanda aka kira da wannan suna a shekarun nan.

Jandarmomi suka zo suka sa shi a mota. A Jugu aka riƙa zaunar da shi cikin rana a gaban ofis don jama'a su gani. Na wuce ta wurin sau ɗaya, na canza hanya. Da aka sake shi ƙafafunsa sun kumbura, ɗaukarsa aka yi zuwa gida. Bai ga doyar shekara mai zuwa ba. Lakwal ta yi shekaru a rufe, kuma yaran da suka kamata su zauna a cikinta yanzu manya ne da ba sa iya karanta nauyin audugarsu a sikeli. Asibi ba ta sake shiga aji ba.

Ni kuwa wani babba ya karanta rahotona ya ce wannan malamin ya iya rubutu, bai kamata a bar shi a daji ba. Haka na zama ɗan jarida. Gidan da kika girma a ciki, da littattafan da kika karanta, daga nan suka fito. Ban faɗa don ki tsani abincin da kika ci ba. Na faɗa don ki san cewa a aikin nan ana iya ba ka lada a kan ɓarna, kuma ba ladan ne zai gaya miki ko kin yi daidai ba.

Za a nemi ki rubuta rahoto ke ma. In abu ya lalace, ki fara da abin da ke kika yi. Kada ki sa sunan mutumin ƙauye a takardar hukuma sai kin tambayi kanki wace mota ce za ta je ƙofar gidansa saboda ita.

Yanzu kin ga abin da ya sa na ƙi bin kawunki. In an bar ki a Paraku za ki fito da takarda mai kyau, ki koyar da 'ya'yan ma'aikata, wata rana a ɗaga ki a tura ki ƙauye da iko a hannu, ki shiga yadda na shiga. Yau kuwa ɗaliba ce ke. In kin yi kuskure ƙarami ne, wani zai gyara miki, tsohuwa za ta zage ki a rafi a wuce wurin. Kuskuren mai koyo ana gyara shi da dariya. Nawa da jandarma aka gyara shi.

Ba zan ɓoye miki ba, ban san yadda za su karɓe ki ba. Innarki ta ce in kin isa ki ce ke 'yar Bukari ce. Ta ce, "Malam, ai ba ƙarya ba ce ƙwarai, kawu ma uba ne." Na ce mata a'a, kuma ke ma ina ce miki a'a. Ƙauye ba ya rasa mai zuwa kasuwar Jugu, cikin mako guda za su sani, daga nan kin zama 'yar Salifu kuma maƙaryaciya. In an tambaye ki, ki ce ke 'yar Metir Salifu ce. In sun yi shiru, ki bar su su yi shirunsu. Kada ki kāre ni, kada ki roƙa mini gafara, ba ke kika yi ba. In kika ga abin ya wuce shiru, har kina tsoron lafiyarki, ki gaya wa daraktan da kike ƙarƙashinsa ki hau mota ki dawo, ni da kaina zan je wurin kawunki in sunkuyar da kai. Amma ba na zaton za a kai nan. Mutanen da suka yi mini tayin akuya ne.

Na ji Asibi tana nan, ta yi aure a garin, tana da 'ya'ya. Kada ki neme ta da saƙo daga gare ni, ba ni da saƙon da zai amfane ta. In kin buɗe ajin manya ta zo, ki ba ta alli ki sa mata lissafi mai wuya, kada ki raina ta da mai sauƙi. In ba ta zo ba, 'ya'yanta suna cikin yaran da za ki koyar. Ki tambayi inda suka fito kafin ki tambayi abin da ya sa suka makara.

Sabuwar doya ta riga ta shigo kasuwar Paraku daga kudu. Jiya innarki ta zaɓo miki manya masu kyau ta sa a buhu, ta ce kada 'yarta ta je baƙon wuri ta rasa abin dakawa. A ƙauyen da za ki kuwa ba a ci ba tukuna. Na cire su na sa miki garin rogo da wake da shinkafa, za su kai ki. Ta yi fushi, ta ce duk gidan nan babu mai taurin kai irina, sannan ta ce ita za ta ɗinke bakin buhun da kanta.

Ranar da suka yi bikinsu, wani zai kawo miki rabonki na sabuwar doya a ƙwarya. In an kawo, kin samu abin da ban samu ba a duk zamana a garin. Ki wanke hannu ki ci, ki rubuto mini.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya sa yaran da za su zauna gabanki su amfana da ke, Ya kare ki daga cutar da wanda ba ya iya rama miki. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Mahaifinki,
Salifu